Gada a Lokacin Yunwa: Yadda New York Ta Yi Gine-gine Tsakanin 1929 da 1943

Ranar Juma'a 25 ga Oktoba 1929, magajin garin New York na lokacin, Jimmy Walker, ya aza harsashin wata babbar gada da za ta haɗa yankuna uku na birnin, wato Manhattan da Queens da Bronx, aka raɗa mata Triborough. Ana gobe za a yi bikin kasuwar hannun jari ta Wall Street ta fara tangal-tangal, ranar Talata 29 ga wata kuma ta kife. Ɗan kuɗin da birnin ya ware wa aikin bai kai ko'ina ba. Zuwa 1932 ma'aikata sun watse, aka bar ginshiƙan kankare tsaye a bakin ruwa babu komai a kansu.

Sai ga shi ranar 11 ga Yuli 1936 shugaba Franklin Roosevelt ya zo da kansa ya buɗe gadar. Kafin 1940 ta fita birnin ya samu sabon filin jirgin sama, da hanyoyin mota biyu da suka ratsa ta ƙarƙashin kogi, da rukunonin gidajen gwamnati na farko a tarihinsa, da asibitoci da makarantu da kasuwanni masu rufi. An yi duk wannan ne alhali tattalin arzikin Amurka bai tashi daga jinya ba.

Duk inda hukuma ta ɗaga ginshiƙi alhali tukunya ba ta hau murhu ba, za a ji talaka yana tambaya: gada za mu ci? Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a maida ita surutun 'yan adawa ba. Abin da ya ja hankalina game da New York shi ne, masu tafiyar da al'amura a lokacin sun gane cewa ciyar da mai yunwa yau aiki ne daban, gina abin da zai shekara ɗari kuma aiki ne daban, suka ba kowanne hukumarsa da dokarsa da kuɗinsa. Inda suka riƙe wannan bambanci sun ci riba. Inda suka manta da wani ɓangare na jama'a, ko suka manta da wanda zai riƙe ginin bayan an yanke zare, har yau birnin yana biya.

Sai an fara ganin zurfin ramin tukuna. A 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu ƙarfin aiki a Amurka ba shi da aiki, wajen mutum miliyan 13 ke nan. Bankuna kimanin 9,000 suka rufe tsakanin 1930 da 1933. A New York, birni mai mutum kusan miliyan 7, wani banki mai suna Bank of United States ya durƙushe a Disambar 1930 da ajiyar mutum sama da 400,000, da yawansu 'yan ci-rani ne masu sana'ar ɗinki. Magidanta suka koma sayar da tuffa a bakin titi, senti biyar-biyar. Dogon benen Empire State da aka buɗe a 1931 ya yi shekaru yawancin ofisoshinsa babu kowa.

A tsakiyar Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin, akwai wani tsohon wurin tara ruwa da aka tsiyaye. Cikin wannan kwari marasa muhalli suka kafa bukkoki da katakon akwati da langa-langa, jama'a suka laƙaba wa irin waɗannan unguwanni sunan shugaban Amurka na lokacin, Hoover, domin shi suke ɗora wa alhaki. Cikin bukkokin har da wadda wasu birkiloli suka gina da bulo, tsaf da ita. Wannan bukkar ta nuna ainihin ciwon. Ga hannun da ya iya gini, ga masana'antun siminti da na ƙarfe a rufe domin babu mai saye, ga birni mai buƙatar magudanan ruwa da ajujuwa, amma babu wanda zai fitar da kuɗi ya haɗa su.

Shi kansa birnin ba zai iya ba. Babban abin da yake dogaro da shi harajin gidaje da filaye ne, masu gidaje kuwa sun kasa biya tunda 'yan haya sun kasa biyan su. Ga kuma ɓarnar cikin gida. Ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall ta daɗe tana rabon muƙamai da kwangiloli ga 'yan amshin shatanta, binciken da alƙali Samuel Seabury ya jagoranta ya tona asirin cuwa-cuwar har Walker ya ajiye muƙami a Satumbar 1932. A 1933 sai da birnin ya je gaban manyan bankuna ya karɓi sharuɗɗansu kafin su ci gaba da ba shi bashi. Wanda ke fafutukar biyan albashin malamai da 'yan sanda ba ya maganar gada. Gwamnatin tarayya ce kaɗai ke iya cin bashi mai yawa da kuɗin ruwa kaɗan.

Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris 1933, kuma kafin nan shi ne gwamnan jihar New York, ya san ciwon daga kusa. Cikin shirinsa da aka sani da New Deal, mutum biyu ya damƙa wa harkar ayyuka, halinsu kuwa ya sha bamban ƙwarai.

Na farko shi ne Harold Ickes, ministan cikin gida, wanda aka ba hukumar manyan ayyuka ta PWA, wadda aka kafa da dala biliyan 3.3 a Yunin 1933. PWA ba ta ɗaukar lebura da kanta. Jiha ko birni ne zai kawo zanen aiki da lissafinsa, hukumar ta tantance, ta ba da kyautar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 45, saura kuma bashi ne da za a biya. Daga nan a tallata kwangila, kamfanoni su yi takara, wanda ya ci ya ɗauki ma'aikatansa a kasuwa. Ickes mutum ne mai tsananin tsoron a saci ko senti ɗaya, yakan bi takardun kwangila da kansa. Sakamakon haka hukumarsa ta gama rayuwarta ba tare da wata babbar badaƙala ba, abin da ba ƙarami ba ne ga hukumar da ta kashe wajen dala biliyan 6 a ayyuka kimanin 34,000. Amma kuɗin ya riƙa fita a hankali, hunturun 1933 ya tunkaro, mutane na nan zaune.

Na biyu shi ne Harry Hopkins, tsohon ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda ya riƙe wa Roosevelt hukumar agaji tun a jihar New York. An san shi da cewa mutane kullum suke cin abinci, ba sa jiran sai abubuwa sun daidaita nan gaba. A Hausance, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Nuwambar 1933 aka ba shi wata hukumar wucin gadi, CWA, cikin wata biyu ya sa mutum kusan miliyan 4 a kan aiki, aka rufe ta da hunturu ya wuce. A Mayun 1935 aka kafa magajiyarta, WPA, daga wani kasafi na kusan dala biliyan 4.9. Ita gwamnati ce ke ɗaukar mutum kai tsaye daga jerin masu karɓar agaji, mutum ɗaya a kowane gida, ta biya shi albashi a wata. Albashin ya kama daga dala 19 ga lebura a ƙauyukan kudu zuwa dala 94 ga mai ilimin sana'a a manyan biranen arewa. An yanka shi da gangan ya fi kuɗin agaji, ya kuma gaza na kamfani, domin kada mutum ya ƙi komawa kamfani idan dama ta samu. Yawancin kuɗin tarayya a albashi yake tafiya, birnin da ya nemi aikin shi zai kawo fili da wani kaso na kayan aiki. Daga 1935 zuwa 1943 mutum miliyan 8.5 suka ratsa ta WPA.

Mutanen biyu sun yi ta rigima kan kasafi a gaban Roosevelt, kowa na ganin ɗan'uwansa ɓarna yake. A ganina kowannensu yana da gaskiya a fagensa. Dala ɗaya a hannun Hopkins ta fi saurin isa tukunya. Dala ɗaya a hannun Ickes rabonta mai yawa ƙarfe da siminti da injina ke cinyewa, amma tana tayar da masana'antun da suka mutu, kuma abin da ta bari ya fi girma. Aikin Triborough ya samar da aiki a garuruwa sama da ɗari a jihohi ashirin, daga masu narka ƙarfe a Pennsylvania zuwa masu yankan katako a Oregon. Amma magidancin da ke layin miya a Manhattan a hunturun 1933 bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Da PWA kaɗai aka yi, da an wayi gari da gadoji a garin da mutane suka gama jigata. WPA ita kaɗai kuma ba za ta iya haƙa hanyar Lincoln ta ƙarƙashin kogin Hudson ba, wadda aka buɗe a 1937, ko ta Queens-Midtown da aka buɗe a 1940, domin wannan aiki ne na ƙwararru da manyan injina.

To me ya sa New York ta kwashi rabo fiye da kowane birni, har ana lissafin kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin WPA a shekarunta na farko a can aka kashe? Girman birnin dalili ne, amma bai isa ba. Ranar 1 ga Janairu 1934 Fiorello La Guardia ya zama magajin gari. Ɗan jam'iyyar Republican ne, Roosevelt kuwa ɗan Democrat, amma wannan bai hana su aiki tare ba. Abin da ya fara yi ba gini ba ne. Ya tarar da giɓin kusan dala miliyan 30 a kasafi, Ickes kuma ya ce babu bashi sai an toshe shi. Sai ya nemi majalisar jiha ta ba shi iko ya haɗe ofisoshi, ya rage albashi, ya tura ma'aikata hutu ba biya. A ƙarshen 1934 ya ƙaƙaba harajin sayayya na kashi 2 cikin ɗari domin kuɗin agaji, harajin da ya daɗe yana suka tun yana ɗan majalisa domin talaka ya fi jin zafinsa. Ya kuma faɗaɗa ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa maimakon takardar ubangida. Waɗannan matakai sun ci wa mutane tuwo a ƙwarya, ban kuma ce duk daidai ne ba. Amma su suka sa Washington ta yarda cewa kuɗin da ta aika ba zai narke a aljihun 'yan Tammany ba.

Abu na biyu, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne zane. Kuɗin gaggawa ba ya jiran mai cewa bari in nemo injiniya. La Guardia yakan isa Washington da ayyuka a zane, an auna fili, an yi lissafi, saura sa hannu. Roosevelt da kansa ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa magajin garin yakan zo masa da labari mai ban tausayi, su yi hawaye tare, kafin ya ankara ya karɓe wata dala miliyan 50. WPA ma ta ware birnin a matsayin reshe mai zaman kansa kamar jiha, a wani lokaci mutum sama da 200,000 ke kan aikinta a can. Daga 1936 zuwa 1940 wani injiniyan soja, Kanar Brehon Somervell, ya riƙe reshen, mutumin da daga baya ya jagoranci gina ma'aikatar tsaro ta Pentagon.

Mai zanen kuwa shi ne Robert Moses. A Janairun 1934 La Guardia ya haɗe sassan kula da lambuna na yankunan birnin biyar ya damƙa masa, ba da jimawa ba ya kuma sa shi a hukumar gadar Triborough. Moses ya tarar da dubun-dubatar ma'aikatan CWA a lambunan birni, da yawa suna tsaye suna jin ɗumi domin babu kayan aiki, babu zane, babu mai nuna musu abin yi. Ya ɗauki ɗaruruwan injiniyoyi da masu zanen gini da ke zaman kashe wando, ya sa su aiki dare da rana, zane na fita daga tebur ana kai shi fili. Wannan kuwa a watan Fabrairun da sanyi ya kai digiri 26 ƙasa da sifili, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin. A gadar ma, injiniya Othmar Ammann ya sake zanen, ya soke hawa na biyu da adon dutsen da aka shirya lulluɓe ginshiƙai da shi, kuɗin ya sauko ya shiga cikin kimanin dala miliyan 44 da PWA ta amince da su.

Wuraren ninƙaya sun fi komai nuna abin da aikin ya zama ga talaka. A bazarar 1936 aka buɗe guda goma sha ɗaya, kusan ɗaya duk mako, kowanne ya ci wajen dala miliyan ɗaya na WPA. An yi dace da shekarar zafi, ranar 9 ga Yuli ma'auni ya kai digiri 41. Yaran unguwannin cunkoso, waɗanda gidajensu ko tagar kirki babu, da can kogin East suke faɗawa, inda ƙazantar birni ke kwarara, duk shekara kuma sai ruwa ya ci wasu. Yanzu ga tafki mai tsawon mita ɗari a Astoria, ga na McCarren a Brooklyn mai ɗaukar mutum 6,800 a lokaci ɗaya. Yaro zai miƙa tufafinsa a kwando, ya bi ta wurin wanka, ya taka ruwan magani a ƙofa, sannan ya shiga ruwan da ake tacewa, da fitilu a ƙarƙashinsa. Safiyar ranakun aiki kyauta ne ga yara. Da dare ake bikin buɗewa, La Guardia ya danna makunni ruwa ya haskaka, ya ce wa yaran nasu ne. Idan hunturu ya zo a tsiyaye ruwan, ƙasan tafkin ya zama filin wasa. Wani zai ce wanka ba abinci ba ne. Gaskiya ne, amma uban yaron ne ya haƙa ramin, albashin haƙar ne kuma ya ciyar da gidan.

Filin jirgin sama kuwa daga taurin kan La Guardia ya fito. A 1934 jirgin da ya ɗauko shi ya sauka a Newark ta jihar New Jersey, ya ƙi fita, ya ce tikitinsa New York aka rubuta, sai da aka ƙarasa da shi wani filin jirgi a Brooklyn. A 1937 aka fara cike bakin ruwa a North Beach da toka da sharar da ake kwasowa daga tsibirin Rikers, aka ƙaddamar da filin a Oktobar 1939. Ya ci kimanin dala miliyan 40, mafi yawa daga WPA, kuma shi ne filin da ke ɗauke da sunansa har yau.

Sai dai ba kowa rabon ya kai wa daidai ba, kuma nan ne labarin ke da ɗaci. Ranar 19 ga Maris 1935 tarzoma ta ɓarke a Harlem, unguwar baƙar fata, bayan jita-jitar cewa an kashe wani yaro da aka kama a kanti. Yaron yana raye, amma mutum uku suka mutu. Kwamitin da La Guardia ya naɗa ya gano cewa abin da ya hura wutar shi ne wariya wajen ɗaukar aiki, da tsadar haya, da halin da asibitin unguwar ke ciki, da cin zalin 'yan sanda. Magajin garin ya ƙi sakin rahoton, sai jaridar baƙar fata ta Amsterdam News ce ta buga shi a 1936. Bayan nan Harlem ta samu cibiyar lafiya da ƙarin gini a asibiti da makarantu. Ta kuma samu rukunin gidajen Harlem River a 1937, masu ɗaukar iyali 574, dubban iyalai suka nema. Amma a daidai lokacin aka gina na Williamsburg a Brooklyn, masu ɗaukar iyali 1,622, aka keɓe wa fararen fata. Gwamnati da kuɗin kowa ta gina wariya da bulo. An daɗe ana zargin Moses da tauye unguwannin baƙar fata wajen rabon filayen wasa, masana na gardama kan alƙaluman, amma maganar gidajen a rubuce take.

Haka masu tura baro suna sayar da kayan miya da 'ya'yan itace a titi. La Guardia ya tsani ganinsu, ya gina kasuwanni masu rufi da ruwan famfo, irin ta Park Avenue a 1936 da ta Essex Street a 1940, sannan ya hana talla a titunan. Wanda ya samu rumfa ya huta da sanyi da ruwan sama. Amma rumfunan ba su kai yawan masu baro ba, waɗanda suka rasa kuma sana'arsu ta mutu a tsakiyar fatara.

Akwai kuma batun iko. Kuɗin gaggawa yana son mai yanke hukunci da sauri, irin wannan mutum kuwa yakan fi ƙarfin masu sa masa ido. Roosevelt ba ya shiri da Moses, a ƙarshen 1934 Ickes ya fitar da wani umarni da aka tsara musamman domin a raba shi da ɗaya daga muƙamansa, amma jaridu da jama'a suka tsaya masa, fadar shugaban ƙasa ta janye. An kafa hukumar gadar ne da nufin ta karɓi senti 25 daga kowace mota, ta biya bashi, ta rushe. Motoci suka fi yadda aka zata, kuɗi ya yi yawa, Moses ya sa aka gyara doka yadda hukumar za ta riƙa cin sabon bashi a kan kuɗin tolget tana yin sababbin ayyuka. Da haka mutumin da ba a taɓa zaɓensa ba ya samu baitulmalin kansa har zuwa 1968, kuma manyan titunan da ya yanka bayan yaƙin duniya na biyu sun tashi dubban iyalai daga gidajensu. Tushen wannan iko a ayyukan agajin 1930 da 'yan kai aka dasa shi.

Shin ayyukan sun kawar da fatara? A'a, ba su kawar ba. Alƙaluman da aka saba kawowa sun nuna rashin aiki ya sauko daga kashi 25 a 1933 zuwa kashi 14 a 1937. Waɗannan alƙaluma suna lissafa ma'aikacin WPA a matsayin marar aiki. Masanin tattalin arziki Michael Darby ya sake lissafin a 1976, ya sa su cikin masu aiki, adadin 1937 ya koma wajen kashi 9. Ko ta wane lissafi aka bi, abin da ya faru a 1937 ya fi komai bayani. Roosevelt ya ga alamar sauƙi, ya so daidaita kasafi, aka rage ma'aikatan WPA kusan rabi, a lokacin da aka fara cirar sabon harajin fansho daga albashi, babban banki kuma ya tsuke bakin aljihun bankuna. Cikin 'yan watanni abin da masana'antu ke fitarwa ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Afrilun 1938 ya koma majalisa neman kuɗi, zuwa Nuwamba WPA ta kai ƙololuwarta da mutum miliyan 3.3. Rashin aiki bai kau ba sai da kashe kuɗin yaƙin duniya na biyu ya ninka na New Deal sau da yawa, aka rufe WPA a 1943.

Suka ma ba ta yanke ba. Masu adawa sun yi ta zanen ma'aikacin WPA yana jingine da shebur. Ƙungiyoyin magina na New York sun yi yajin aiki a 1935 domin albashin ya karya farashin sana'arsu, aka sasanta ta hanyar rage musu awoyi. Zargin amfani da ma'aikatan wajen neman ƙuri'a a jihar Kentucky a 1938 ya haifar da dokar Hatch ta 1939, wadda ta hana ma'aikatan tarayya shiga yaƙin neman zaɓe. A shekarar kuma majalisa ta ce duk wanda ya yi wata 18 a jere a sallame shi.

Mu ma mun taɓa gwada wani abu mai kama da ɓangaren Hopkins. A 2020, lokacin korona, gwamnatin Najeriya ta ware naira biliyan 52 domin ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a biya su naira 20,000 a wata har wata uku. Kafin a fara sai da aka yi ta ja-in-ja tsakanin ma'aikatar ƙwadago da majalisar tarayya kan wanda zai zaɓi mutanen. Wata uku ba sa isa a zana magudanar ruwa a gina ta, WPA kuwa shekara takwas ta yi, kuma kowane aiki sai da hukumar gari ta kawo zanensa ta sa nata kason. Sannan kada a ɗauko misalin Amurka a dire shi a Kano ko Kaduna ba tare da lura ba. A can farashin kaya faɗuwa yake, ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga 1929 zuwa 1933, gwamnati na cin bashi da kuɗin ƙasarta, ƙarfe da siminti da katako da injina duk na gida ne. Mu kuwa tsada ce ke cin mu, manyan injina da kwalta galibi daga waje suke, don haka kaso mai yawa na kuɗin gadar sama ficewa yake daga ƙasa. Wanda ya kafa gadar sama yana cewa ya samar da aikin yi, a tambaye shi naira nawa cikin ɗari ta shiga hannun lebura da birkila da kafinta. Gadar tana iya zama da amfani ga cunkoson motoci, a kare ta da wannan hujja. Aikin da ke cin hannu da yawa shi ne lambatu da kwalbati da ajujuwa da rumfunan kasuwa da ƙananan asibitoci.

Sauran magana ita ce riƙo. Washington ta biya kuɗin gini, ma'aikatan WPA ma su ke share lambuna da gyara su. Da shirin ya janye, albashin mai gadi da mai tace ruwa da nas da malami ya dawo kan kasafin birni, wanda harajinsa bai ƙaru daidai da sababbin gine-ginen ba. Tun La Guardia na kan kujera ya fara jin wannan nauyi. A 1975 New York ta sake kai wa bakin tsiyacewa, aka sallami dubun-dubatar ma'aikata, gyara ne kuma abin da aka fara yankewa. Tafkin McCarren ya rufe a 1984, ya zauna kango ciyawa na fitowa ta tsagar kankare, sai a 2012 aka sake buɗe shi bayan an kashe dala miliyan 50. Filin jirgin da aka ɗora kan toka ya yi ta nutsewa tun shekarunsa na farko, a 'yan shekarun nan aka sake gina shi da kimanin dala biliyan 8. Hukumar gidajen birnin, wadda La Guardia ya kafa a 1934, ta shiga ƙarƙashin sa idon gwamnatin tarayya a 2019 saboda fenti mai gubar dalma da danshi da rashin ɗumi a hunturu, a 2023 kuma ta ƙiyasta cewa gyaran gidajenta zai ci sama da dala biliyan 78 cikin shekara ashirin, iyalai kuwa suna zaune a cikinsu suna jiran a zo gyaran.